Tabilet mai kilabiye za ta iya maye gurbin tsohuwar kwamfutar cinya gaba ɗaya?

Sani_Zariya:
Assalamu alaikum. Shawarar masu sani nake nema. Kwamfutar da ake aikin shago da ita Dell Latitude E5440 ce, Core i5 zubi na 4, RAM 4 GB, disk mai juyawa na 500 GB. Batir ba ya kai minti 20, tana ɗaukar zafi, kuma tashinta kaɗai yana cin wajen minti biyar. Aikin da take yi: Word, Excel mai macro (jerin umarni da ke yin aiki da kansa) na lissafin kaya, buga takardu da Canon LBP2900, wani lokaci furojekta mai VGA wajen horo, da tafiya Tasawa da Dakoro inda wuta ba ta da tabbas. Abin da ke hannu jika 200 ne na sefa. Shin irin su Surface Pro ko iPad mai kilabiye (allon maɓallan rubutu) za su ɗauki aikin nan duka har a ajiye tsohuwar, ko ƙarshenta na'ura biyu za a riƙa ɗauka?

Injiniya_Laouali:
Wa alaikumus salam Malam Sani. A fara raba su tukuna, don ana haɗa su da suna ɗaya alhali iri uku ne. Akwai mai Windows wadda kilabiye ke cirewa, kamar Surface Pro da HP Elite x2. Akwai mai Windows wadda ke naɗewa ta baya gaba ɗaya amma ba ta rabuwa, kamar ThinkPad Yoga. Sai tabilet zalla da aka saya wa kilabiye, wato iPad da Galaxy Tab. A aikin da ka lissafa, ta ukun ta fita tun yanzu. Excel na iPad da na Android suna buɗe fayil amma ba sa tafiyar da macro, ke nan lissafin kayanka ya tsaya. LBP2900 kuma ba ta da Wi-Fi, ba ta da AirPrint, sai da direbanta na CAPT da ake sakawa a kwamfuta. iPad ba ta da inda za ta karɓi wannan direban. Saura biyun farko, su ne abin magana.

Oumarou_227:
Ni ban yarda a zubar da iPad haka da sauri ba. Batirinta yana kai wajen awa goma, ba ta kama irin ƙwayoyin cutar da kile USB ke yawo da su daga wannan shago zuwa wancan, kuma ba ta nauyi. Macro ɗin ai ana iya sake gina shi da formil na Excel zalla.

Nana_Compta:
Yaya Oumarou, wani macro ana iya maye shi da formil, wani ba a iyawa. In aikinsa haɗa jimla ne da neman farashi, SOMME.SI da RECHERCHEV sun isa. In kuwa maɓalli ne da ake dannawa ya cire kaya daga sito, ya rubuta rasit a wani shafi, ya tura wa firinta, formil ba ya yin wannan. Sannan duk mai niyyar komawa manhajar lissafi irin Sage 100 da ofisoshi ke amfani da ita, Windows take buƙata. Haɗa wasiƙu da jerin sunaye na Word, wanda ake fitar da takardun gayyata ko shaidar halartar horo da shi, shi ma babu a Word na iPad. Ga ɗalibi mai karanta PDF da rubutu da alƙalami, iPad ta yi. Ga shago mai firinta, ba ta yi ba.

MaiGyara_SabonGari:
Kafin a kai ga saye, wagga Dell ɗin ba ta mutu ba, abu huɗu ne sunka gaji cikinta kuma duka ana canza su. Na farko disk. A cire mai juyawa a sa SSD, wato disk maras juyawa mai sauri, nau'in SATA mai inci 2.5, kauri 7 mm, 256 ko 512 GB. Mai juyawa yana karatu wajen 100 MB a daƙiƙa in yana da lafiya, SSD na kai 500, tashin minti biyar sai ya koma ƙasa da rabin minti. Na biyu RAM: gurbi biyu gare ta, tana ɗaukar har 16 GB, amma a kula, DDR3L ce mai 1.35 V, a jikin sandar an rubuta PC3L. In anka sa PC3 maras L mai 1.5 V, sau da yawa ba ta tashi, sai a ce bod ya lalace alhali sanda ce ba daidai ba. Na uku batir, ana zare shi ta ƙasa da hannu, ko turnabis ba a buƙata. Na huɗu zafi. A buɗe har a kai ga fanka, tsakaninta da haƙoran tagulla za a tarar da ƙurar hunturu ta dunƙule ta yi faifai kamar audugar rimi, iska ba ta wucewa ko kaɗan. A cire ta da burushi, a goge busasshen man da ke kan firosesa da alkol, a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa. In za a hura iska a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Duka wanga aiki bai kusa cinye jika 200 ba.

Issoufou_Reseau:
Gyaran Malam mai gyara daidai ne, sai dai akwai abin da turnabis ba ya gyarawa. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025. An ba da ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro mai suna ESU ga masu Windows 10 nau'in 22H2 da suka yi rajista, shi ma da farko an sa iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da Intel zubi na 8 zuwa sama. Zubi na 4 ba ya ciki. Ana iya tsallake binciken da manhajar Rufus a saka ta da ƙarfi, tana tafiya, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'urar sabuntawa ba. Kwamfutar da ake shiga asusun banki da imel na kasuwanci da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ma'aunin ya shafi Surface ɗin ma. Pro 4 zubi na 6 ce, Pro ta 2017 da ake kira Pro 5 zubi na 7 ce, duka ba sa cikin jerin Windows 11. Su ne kuma suka fi yawa a kayan hannu don sun fi araha. Daga Pro 6 ta 2018 ake farawa.

Dan_Tibiri:
A sa wa Dell ɗin Linux Mint a madadin Windows kawai, ta huta da maganar TPM.

Nana_Compta:
Mint za ta tafi lafiya a kan na'urar, amma LibreOffice, madadin Word da Excel a Linux, ba ya ɗaukar kowane macro na Excel yadda yake, kuma saka direban CAPT a Linux aiki ne na mai haƙuri. Ga Malam Sani matsala biyu za a ƙara masa.

Injiniya_Laouali:
Mu dawo kan Surface, a duba kafofin da ke jikinta, don nan mutane suka fi yin nadama. Dell ɗin tana da VGA, HDMI, kafar wayar intanet da USB fiye da ɗaya. Pro 6 tana da USB babba guda ɗaya tak, da Mini DisplayPort, da gurbin microSD, babu USB-C. Pro 7 ta 2019 tana da USB babba ɗaya da USB-C ɗaya. Pro 8 USB-C biyu ne, babban ya tafi gaba ɗaya. Ka ga in firinta ta kama kafa ɗaya, kile USB na abokin ciniki ba shi da wurin shiga. Dole a sayi ƙaramin hob na USB-C mai USB babba biyu ko uku, da HDMI da VGA. Ga Pro 6 kuwa adafta Mini DisplayPort zuwa VGA ake nema, daban da hob. A gwada adaftar da ainihin furojektan kafin ranar horo, masu arha wani lokaci hoto na fita yana rawa ko ya ƙi fita sam.

Wani tarko kuma: Pro X, da Pro 9 mai 5G, da Pro 11 mai Snapdragon, firosesarsu ARM ce, ba Intel ba. Word da Excel suna tafiya a kansu, amma direban firinta da aka rubuta don Intel ba ya shiga. Mai LBP2900 ko HP LaserJet 1020 ya tsaya kan Intel.

Oumarou_227:
To in Pro 7 ce ai shi ke nan, a sayi ƙarama mai arha daga baya a ƙara mata RAM da SSD kamar yadda aka ce za a yi wa Dell.

MaiGyara_SabonGari:
A'a ɗan'uwa, nan ne babban bambancin. RAM ɗin kowace Surface Pro a liƙe take da dalma jikin bod, abin da ka saya da shi za ka mutu da shi. Akwai Pro 7 mai i3 da 4 GB, kada a taɓa ta, 8 GB ne mafi ƙaranci. SSD kuma a Pro 7 ba ya fita. A Pro 7+ ta 2021 ne anka yi ƙaramar ƙofa ƙarƙashin ƙafar jingina, da Pro 8 da 9, inda ake zare SSD nau'in M.2 2230, gajere, ba dogon 2280 da ya cika kasuwa ba. Alamar + ɗin nan a duba ta cikin Windows, kada a tsaya ga bakin mai sayarwa.

Sai batir, wanda shi ne abin da ya fi damuna da su a garin nan. Babu sukuru a bayansu. Hanya ɗaya ta shiga ita ce ta gilashi: a gasa gefensa, a zura siririn roba a yanka gam ɗin a hankali, kuma gilashin siriri ne ƙwarai, kuskure kaɗan ya tsage. A yawancinsu batirin kansa a manne yake can ciki. Canjin da ake yi wa Dell cikin daƙiƙa goma, a nan aikin awa biyu ne da haɗarin asarar ekran, kuma ekran ɗin sai an aika Kano ko an jira daga waje. In batirin ya fara kumbura ga yadda ake ganewa: a kwantar da ita a kalle ta ta gefe, za a ga gilashin ya ɗan ɗaga daga firam, haske na tsiyaya ta tsagar, wani lokaci tabo rawaya-rawaya ya fito a tsakiyar farin shafi inda batirin ke turowa. In katin waya na iya shiga tsagar, a daina caji nan take, kuma kada a danna gilashin don ya koma.

MalamaHadiza:
A ƙara maganar zafi a kan wannan. Microsoft da Apple duka sun rubuta cewa na'urorin nan an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35. Maradi a watan Afrilu da Mayu ana wuce 40. A kwamfutar cinya firosesa na ƙarƙashin kilabiye, ekran na gefe guda. A tabilet kuwa firosesa da batir da ekran duk a fanti ɗaya suke, kowa na gasa ɗan'uwansa. Pro 7 mai i5 ba ta da fanka. Amfaninsa ba ta zuƙar ƙura kamar Dell, illarsa idan ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta, kiran bidiyo ya fara tsinkewa. Batir mai zama cike dam a cikin zafi shi ne ke saurin kumbura. In za ta wuni a jone a kan tebur, a kashe ta, a riƙe maɓallin ƙara murya a danna na kunnawa, a shiga UEFI, wato saitin na'ura kafin Windows ta tashi, a kunna Battery Limit, caji zai riƙa tsayawa a kashi 50. Daren da za a yi tafiya a kashe Battery Limit ɗin a cika ta. Kada a bar ta cikin mota a rufe, kada kuma a yi caji tana cikin jaka.

Abdou_Solaire:
Kun faɗi illolin, bari a faɗi inda ta fi Dell nesa ba kusa ba, wato tafiyar Tasawa da Dakoro. Dell tana son 19.5 V ta cajarta, ke nan a ƙauye yawanci sai da inbata: batirin sola 12 V a ɗaga shi zuwa 220, caja ta sake sauke shi, ana asara hawa da sauka. Pro 7 zuwa sama tana caji ta USB-C. Batirinta wajen 43 Wh ne tana sabuwa. Pawa bank mai 20,000 mAh wajen 74 Wh ne a takarda, bayan asara ya cika ta sau ɗaya da ɗan ragi. Sharaɗi shi ne ya zama mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, a karanta jikinsa a ga 15 V ko 20 V, 45 W zuwa sama. Na waya mai 5 V da 2 A wat 10 ne kawai, ba zai riƙe ta tana aiki ba. Ana kuma iya jona cajar mota mai PD kai tsaye a batirin sola da fis a tsakani, amma ita ma a duba, da yawa in an ba su 12 V ba sa iya fitar da abin da ya wuce 12. Nauyi kuma: Pro 7 da murfinta mai kilabiye wajen kilo 1.1, Dell wajen kilo 2 ban da caja. A bayan babur ana jin wannan bambancin.

Dan_Tibiri:
Tunda an zo maganar ƙauye, masu aikin ƙidaya da bincike na ƙungiyoyi su lura, KoboCollect da ODK Collect manhajojin Android ne. A Surface sai dai a cika fom ta burawuza. Wanda aikinsa wannan ne, Galaxy Tab ta fi masa.

Sani_Zariya:
Na gode ƙwarai. Babu aikin Kobo a ciki. Amma rubutun Faransanci yana da yawa, da na Hausa jefi-jefi. Yaya batun kilabiye?

MalamaHadiza:
Tambaya mai muhimmanci, Malam Sani. Kayan da ke shigowa ta Jibiya da Dan Isa daga kasuwannin Kano, da na Dubai da Amurka, kusan duka QWERTY ne, tsarin maɓallan Ingilishi. Hannun da ya saba da AZERTY na Faransanci zai yi ta buga q a wurin a. A Dell ana iya sauya kilabiyen gaba ɗaya da na Faransa, a Surface kuwa sai an samo murfin AZERTY, kuma murfin daban ake sayar da shi, a tambaya ko yana cikin farashin. Murfin Pro 3 har zuwa 7+ suna shiga wa juna, na Pro 8 da 9 bakinsu daban ne. In QWERTY aka samu, hanya biyu ce. Ko a sa tsarin Faransanci a Windows a liƙa sitika a kan maɓallan, ko a sa tsarin US International: alamar ' sannan e ta ba da é, alamar ` sannan e ta ba da è, ' sannan c ta ba da ç. Na biyun ya fi tsafta, sitika na ɓarewa da gumi kuma tana iya barin gam a gilashi idan an rufe. Don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Windows tana da tsarin Hausa a cikin jerin harsuna, ana sauyawa tsakaninsu da maɓallin Windows da na tazara.

Issoufou_Reseau:
Filogin caja ma haka, na Najeriya mai baki uku ne irin na Ingila. Ba sai an sa adafta mai sako-sako da ke tartsatsi ba, wayar cajar Surface mai kan lamba 8 ce irin ta rediyo, a sauya ta da mai baki biyu zagaye.

Injiniya_Laouali:
Akwai abin da ba a gane shi sai an zauna da ita: ba ta zama a cinya. Nauyinta duka a ekran yake, ƙafar jingina ce ke riƙe ta daga baya, siririn bakin ƙafar na nutsewa a gwiwa, murfin kuma na lanƙwasa in ana bugawa. A tebur lafiya lau. A kan tabarma, ko benci, ko kujerar mota, wahala ce. Shi ya sa ga aikin Malam Sani na fi karkata ga mai naɗewa. ThinkPad L390 Yoga misali: zubi na 8, tana karɓar Windows 11, gurbin RAM biyu da ake canzawa, SSD M.2 na yau da kullum, bayanta da sukuru yake buɗewa, tana da USB babba da HDMI, tana caji ta USB-C, ke nan lissafin Malam Abdou na pawa bank ya hau kanta. Nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. A matsayin tabilet ta yi nauyi a riƙe da hannu ɗaya, wannan gaskiya ne. Sai dai a aikin da aka lissafa ban ga inda ake buƙatar riƙe ta a tsaye ba.

Oumarou_227:
Injiniya, wannan ai kwamfutar cinya ce aka yi wa maƙalli mai juyawa. Ke nan amsar tambayar ita ce a'a.

Abdou_Solaire:
Ba lallai ba. HP Elite x2 kilabiyenta na cirewa kamar Surface amma da sukuru Torx take buɗewa ta ƙarƙashin ƙafar jingina, ana canza batir da SSD. 1013 G3 zubi na 8 ce. Matsalarta samun kayan gyaranta a nan kusa.

MaiGyara_SabonGari:
Kowacce anka zaɓa cikin na hannu, kada a biya sai an yi gwajin ga a gaban mai ita. A buɗe cmd a rubuta powercfg /batteryreport, a buɗe fayil ɗin da ya fito a gwama Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai kashi 80 cikin ɗari na na farkon ba, a Surface a bar ta, a ThinkPad a nemi ragi a canza batir. A shiga UEFI a tabbata ba ta neman kalmar sirri. A mayar da Windows sabuwa a jona ta da intanet tun a shafin farko: in sunan wani kamfani ya fito yana neman imel na ma'aikaci, an yi mata rajistar Autopilot, ko an sake forma zai dawo, sai kamfanin ya sake ta. A buɗe Paint a ja layuka da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa da gefe-gefe, inda layi ya yanke nan taɓawa ta mutu. A bar ta kan farin shafi minti goma ba a taɓa ba, a ga ko tana danna kanta ko hoto na rawa, ciwon da anka san Pro 4 da shi ke nan in ta ɗumama. A cire murfin a mayar sau biyar. A gwada caji ta kafar maganaɗisu da ta USB-C duka.

Nana_Compta:
Ƙari kan maganar SSD da ba ya fita. In bod ɗin Dell ya ƙone, ana zare disk a sa a akwatin USB a kwashe lissafin shekaru. In na Pro 7 ya ƙone, bayanan sun tafi da shi. Ko mai fita ne ma, sau da yawa BitLocker, makullin disk na Windows, a kunne yake, sai da mabuɗinsa mai lamba 48. A buga mabuɗin a takarda a adana, a kuma riƙa kwafe fayilolin lissafi a disk na waje duk Juma'a. 128 GB ma ya yi kaɗan, Windows 11 da Office da sabuntawa za su ci kusan rabi, a nemi 256.

Issoufou_Reseau:
Sabuwar Windows kuma tana shan data ranar farko. In da wayar Airtel ko Moov ko Zamani za a jona ta, a shiga saitin Wi-Fi ɗin a sa shi a matsayin haɗi mai awo, a dakatar da OneDrive, a bar manyan sabuntawa sai an sami inda intanet ke da yalwa.

Sani_Zariya:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta zuwa yanzu: iPad ta fita, ARM ta fita, ƙasa da zubi na 8 ya fita. Ina tunanin a sa wa Dell SSD ta zauna a shago da firinta ba tare da intanet ba, a nemi ta tafiya da sauran kuɗin.

MalamaHadiza:
In haka ne an koma na'ura biyu, kuma fayil ɗin lissafi zai zama biyu, na shago da na tafiya, wata rana a rasa wanne ne na ƙarshe. Sai an tsayar da guda a matsayin uwa, a riƙa sa kwanan wata a sunan kowane kwafi.

Injiniya_Laouali:
Ko kuma a sayar da Dell ɗin bayan gyara a ƙara a kan jika 200, a sayi guda mai 16 GB. Malam Sani, ka je da wayar firintar da fayil ɗin macro a kile USB wajen mai sayarwa, in zai yarda ka kai na'urar shago a buga shafi ɗaya a gabansa ya fi. Ka kuma duba bayan furojektan ko yana da HDMI ban da VGA, ka faɗa mana, don shi zai nuna irin adaftar da za a nema.